Ramin da Sharifu Ya Gani

Sharifu taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Tare muka tashi a Malbaza. Ni na bi mota, yau ina jan tirelar siminti. Shi ya bi lakwal, wato boko, har Yamai, ya dawo da jakar goyo da wata sana'a wai ita animata.

Na sha cewa ya fassara mini ita da Hausa, bai taɓa iyawa ba. Abin da na gani da idona shi ne, ana haɗa masa manyan mutane masu gemu da iyali, ya kwashe su ya kai daji, ya zaunar da su a ƙasa, ya tambaye su yadda suke ji. Ya ce a Yamai an koya musu cewa animata ba ya ba da umarni, ba ya ce wa kowa ya yi kuskure. Nasa tambaya ce kawai, amsa tana cikin mutum, daji kuma shi ne malami. Ya ɗauki karatun nan da zafi. Ko shayi ka tambaye shi zai sha ko kofi, sai ya karkata kai ya mayar maka da tambayar.

Da abin dariya ne kawai, da na bar shi da kayansa. Amma matarsa A'ishatu ta tafi wankan jego gidan mahaifinta, aka yi arba'in, aka wuce, har jaririya ta fara rarrafe ba ta dawo ba. An tura kawunmu, an tura liman. Duk wanda ya je, Alhaji Alkasum zai karɓe shi da fara'a, ya sa a kawo fura, ya ce a ƙara haƙuri. Alhaji mai tireloli ne, mutum ne da ya fara daga karen mota, kuma an taɓa jin ya tambaya, “Wai yaron ga mi shika saidawa?” Daga nan gari ya yanke hukunci: Alhaji ya riƙe ƴarsa ne don ya raina aikin mijin. Sharifu ma haka ya ɗauka. Yana son matar nan, ba na masa wasa a nan. Ya rame, kuma na san ba don komai yake zagayawa ta bayan gidan Alhaji a kan babur ba sai don ya ji ko kukan ƴarsa ne.

To, a kakar bana sai rigima ta tashi a sandikarmu, wato ƙungiyarmu ta sufuri, tsakanin masu motoci da mu direbobi, a kan layin lodi. Wata ƙungiya daga Yamai ta ji labari, ta ce maganin abin shi ne a kai mu daji mu saurari juna. Aka ba Sharifu aikin. Ranar da safe muna tsaye a tasha muna jiran motar hayis, Sharifu yana cin ƙosai yana duba ƙyallaye a jakarsa, sai ga motar Alhaji Alkasum ta tsaya. Kowa ya san Alhaji ba ya zuwa irin wannan taro, wakili yake turowa. Ranar da kansa ya fito, da babbar riga.

Sharifu ya zubar da ƙosan ya durƙusa ya gaishe shi. Da ya miƙe ya jawo ni gefe.

“Labo, na mutu.”

“Ba ka mutu ba tukuna,” na ce. “Bari mu kai daji.”

Sai na ga fuskarsa ta sake. “A'a, wagga dama ta. In yag ga aikin da idonai, zai san ba wasan yara na ba. Zai maido min da ita.”

Na ce Allah ya sa. A raina kuwa na ce wanzami ne yau za a yi wa jarfa.

Wurin da ya zaɓa yana bayan Tajaye, in ka bar kwalta ka yi gabas. Wani fako ne da aka taɓa farfaɗo da shi. An haƙa masa ramukan nan masu siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, ciyawa ta fito ta rufe bakinsu, ga sabara da kalgo nan da can, ga wani babban gawo a tsakiya. Sharifu ya ware hannu ya ce mu dubi wannan ni'ima. Muka duba. Rabinmu daga irin wannan ni'imar muka gudu muka kama sitiyari, don mun san yadda take da fartanya a hannu.

Dokar farko, kowa ya cire takalmi don ya gaisa da ƙasa. A kaka ne fa, lokacin da ƙarangiya ke kan ganiyarta. Muka gaisa da ƙasa, ita ma ta gaishe mu. Alhaji ya tuɓe takalmansa ya ajiye su a gindin gawo, ya zauna a da'irar da aka ce mu yi.

A nan matsala ta fara. A ka'idar aikin, animata yana tsayawa a tsakiya yana duban kowa ido cikin ido. Sharifu kuwa ba zai tsaya a kan surukinsa ba alhali yana zaune, ba kuma zai zauna kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Sai ya tsuguna. A tsugune ya yi mana jawabin buɗe taro, kansa a sunkuye, yana gaya wa yatsun ƙafarsa cewa a daji babu babba babu yaro, babu mai mota babu direba, kowa daidai yake da kowa.

Ya ce kowa ya faɗi sunansa tsirara, ban da Alhaji ban da Malam, shi kuma zai maimaita don a san an ji. Na ce Labo, ya ce, “Mun ji Labo.” Alhasan, wani direba mai baki kamar reza, ya faɗi nasa, ya ce, “Mun ji Alhasan.” Aka zagayo kan Alhaji.

“Alkasum,” in ji shi, a fili, yana kallon Sharifu.

Sharifu ya yi tari. Ya sake yin tari. Sannan ya ce da ƙasa, “Mun ji... mai sunan.”

Alhasan ya cusa hula a baki. Ni na kama duban saman gawo kamar an ce mini akwai zuma.

Daga nan aka ce mu rufe ido mu yi shiru mu saurari daji. Muka yi shiru. Kurciya ta yi kuka, iska ta kaɗa karan hatsi a wata gona, can nesa kuma wata babbar mota tana hawan tudu a kan kwalta. Da aka buɗe ido Sharifu ya tambayi abin da kowa ya ji. Wani ya ce motar Habibu ce. Wani ya ce ba ita ba ce, ta Habibu ba ta wannan kuka sai in an yi mata lodi fiye da ƙima. Nan take masu motoci suka ce ai direbobi ke ƙara lodi a hanya, direbobi suka ce ƙarya ne, rigimar da aka kawo mu daji a kashe ta miƙe tsaye da ƙafarta. Sharifu na tsugune yana gyaɗa kai ga kowa, yana cewa duka maganganun masu kyau ne, babu wadda ba daidai ba. Sai da Alhaji ya ɗaga hannu ɗaya aka yi tsit.

Da azahar aka kawo shinkafa da miya. Ka'ida ta ce kowa da kowa a tire ɗaya, har animata. Sharifu ya dubi tiren, ya dubi Alhaji yana wanke hannu, ya ce shi yau azumi yake, na nafila.

“Azumin da aka ɗauka bayan ƙosai?” in ji Alhasan.

Na taka masa ƙafa. Na tausaya wa Sharifu a lokacin, gaskiya. Yana can gefe a rana, cikinsa na kuka, gwiwoyinsa sun sage da tsuguno, amma idonsa na kan Alhaji, yana neman ko alama ɗaya ta cewa aikin ya burge shi. Alhaji kuwa cin abincinsa yake, fuskarsa ba ta nuna komai.

Bayan salla Sharifu ya fito da ƙyallayen nan. Wannan, in ji shi, shi ne babban darasi, darasin amana. Za a kasu biyu-biyu. A ɗaure wa ɗaya ido, ɗayan ya ja shi da baki kawai, ba taɓawa, daga gindin gawo zuwa wata aduwa da ke can ƙarshen fili. Ya haɗa kowane direba da mai mota ko da wanda ba sa ga-maciji. Ni aka ba ni Alhasan. Da aka gama rabo sai ya rage Alhaji shi kaɗai, don babu wanda ya yarda ya ɗaure masa ido.

Alhaji ya ɗauki ƙyalle ya ɗaure da kansa. Ya ce, “Mai aikin shi ja ni.”

Wannan wasa ba baƙo ba ne a wurinmu, kullum shi muke yi in za a yi baya da tirela. Fili ya cika da “zo, zo, zo,” da “yanke hagu,” da “tsaya nan.” Mutane suna ta wucewa tsakanin ramuka lafiya lau. Ni na ajiye Alhasan a tsaye a inuwar wani kalgo na ce kar ya motsa, don ba zan bari wannan kallo ya wuce ni ba.

Alhaji ya kama tafiya, babbar riga na jan ciyawa, hannuwa a baya kamar mai zagaya garejinsa. Sharifu na biye da shi a ɗan rusune. Da farko Allah ya taimake shi, hanyar a miƙe take. Sai na ga idonsa ya sauka a kan wani rami a gaba, ciyawa ta lulluɓe bakinsa. Ya gan shi sarai, na ga lokacin da ya gan shi. Kalma ɗaya ake bukata, kuma duk wani karen mota a ƙasar nan ya san ta. Amma ba a daka wa suruki tsawa, kuma animata ba ya ba da umarni. Abu biyun nan suka taru suka danne masa harshe.

“Baba,” ya ce, “Allah shi ƙara lahiya. Ko za a so a ɗan lura da yadda ƙasa take ƙarƙashin ƙahwa?”

“Da zahi take,” in ji Alhaji, bai rage tafiya ba.

“Madalla. To Baba, da a ce mutum shina tahiya haka, sai ya zamana gabanai akwai wani ɗan canji, mi Baba ka gani ya kamata...”

“Wane irin canji?”

Kafin in buɗe baki Alhaji ya samu amsar. Ƙafar dama ta shige, jiki ya bi ta, babbar riga ta bi jiki. Ramin bai kai gwiwa ba, amma Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne, kuma duk nauyinsa a kan idon sawu ya sauka. Bai yi ihu ba, salati kawai ya yi.

Muka ruga muka ɗago shi, muka kai shi gindin gawo. Ƙafa ta fara kumbura nan da nan. Wani tsohon direba ya taɓa ya ce targaɗe ne, ba karaya ba, amma a kai shi wurin mai ɗori a Malbaza. Sharifu yana durƙushe yana ta ba da haƙuri, ya rasa inda zai sa hannunsa. Na ce a tashi taro.

“A'a,” in ji Alhaji. “Ba a ƙare ba. Na ji an ce in anka gama, ana zama a tambayi kowa yadda yaj ji. A zamna.”

Aka zauna. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Alhaji ya miƙe ƙafar a kan jakar Sharifu ya jira. Da Sharifu ya ga ba makawa, sai ya ce da wata ƴar murya, “Baba, yaya anka ji?”

“Ka ga ramin?”

“Na gane shi, Baba.”

“Tun da nisa?”

“Tun da nisa.”

Alhaji ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba farashin da ya zata. Bai dubi Sharifu ba, mu ya duba.

“Akwai wata yarinya gidana,” ya ce. Kowa ya san wace yarinya. “Gari na cewa ni na riƙe ta don na rena aikin mijinta. Na bari ana hwaɗin haka, don gara a zage ni da a zage ta. Ni ban riƙe kowa ba. Aiki kau, duk abin da mutum ka yi shi ci halal, aiki na. Ita tac ce ba ta komawa.”

Sharifu ya ɗago kai, karo na farko tun safe.

“Tac ce da damana ɗaki na zuba bisa gado, tana da tsohon ciki. Ta gaya mai, yat tambaye ta yadda taka ji in ruwan ya zubo. Sun saɓa da uwatai, yaz zamnad da su bisa tabarma yac ce duk su biyu suna da gaskiya. Ranar da ciwo yak kama ta, tac ce a kai ta likita ko a kira ungozoma, yac ce ita mi tag gani. Maƙwabciya taf fita tas samo mota. Tac ce min, Baba, mutumin kirki na, bai taɓa zagina ba, amma in gida na cin wuta sai ya tambayi kowa ra'ayinai.”

Ya gyara zaman ƙafar, ya ɗan cije leɓe.

“Nic ce mata ƙarya kika yi, babu namijin da ka yin haka. Shi yas sa niz zaka yau. Niyyata in gani da idona, in na koma in sa a kai ta ɗakinta kahin magariba, ko tana so ko ba ta so.” Ya dubi kumburin. “To, gani ya kori ji. Ban iya ce mata maƙaryaciya kuma.”

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zaune ba sai ranar. Duk karatun Yamai bai yi wa Sharifu rana ba. Wata da watanni yana jin haushin Alhaji a ɓoye, yana shirin ranar da zai burge shi, ashe ma Alhajin ne kaɗai ke bayansa a gidan, kuma shi ne ya jefa a rami. Ni da ke tsokanarsa tun muna yara, ranar na ji kamar in yi masa kuka.

Alhaji ya ce in kama shi. Sharifu ya matso da kafaɗarsa, Alhaji ya yi kamar bai gani ba, ya dafa Alhasan. Muka sa shi a motarsa, ya miƙa mini makulli tunda ƙafar ba ta taka komai. Sauran suka shiga neman takalmansu, masu motoci da direbobi, har wani na miƙa wa wani nasa.

Na tayar da mota, muka kama hanyar kwalta a hankali saboda gargada. Ba mu yi nisa ba na hango abu a madubi. Sharifu ne a guje, ba takalmi, yana keta ƙarangiya, jakar goyon ma ya bar ta. Ya cim mana a wani kwari inda na rage gudu, ya daki bayan motar da tafin hannu.

“Baba, tsaya!”

A garinmu ban taɓa jin wanda ya yi wa surukinsa wannan murya ba.

“Taka burki,” in ji Alhaji. Ya sauke gilashi.

Sharifu ya zagayo yana haki. Bai durƙusa ba, ina jin ya manta. Ya riƙe ƙofar motar da hannu biyu.

“Ina son matata,” ya ce. “Ina son ta komo, ita da ɗiyata. Gobe zan sa a gyara rufin.”

“Damana ta wuce,” in ji Alhaji.

“Ko ta wuce.”

Alhaji ya daɗe yana dubansa, daga fuska har zuwa ƙafafun da ƙarangiya ta yi wa safa.

“Ashe bakin na iya hwaɗinta,” ya ce. “Da ka hwaɗe ta ɗazu, da ƙahwata lahiya lau. Ni ba ni da abin ba ka, maganar ba wurina take ba. Ka zaka da kanka, ba kawu ba liman. In ta yarda ta hito, ka gaya mata abin da za ka yi. Kak ka tambaye ta yadda taka ji. Ta gaya maka tun bara.”

Ya ɗaga gilashi, ya ce in ja a hankali, ƙafar na zogi.